Darasi: Me Ke Sa Hoto Ya Lalace?

Ranar suna ko ranar ɗaurin aure ba ta dawowa. Idan hoton ranar ya lalace, mai hoto ya yi asarar kuɗi, mai biki kuma ya rasa abin tunawa. Sau da yawa laifin ba na kyamara ba ne. Ga dalilai huɗu. Sun shafi mai kyamara da mai ɗauka da waya.

1. Ƙura. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana hawa gilashin gaban kyamara. Sai hoto ya fito dishi-dishi. A fara kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, sannan a goge da ƙyalle mai tsabta. Kada a goge da bakin riga, domin yashi yana karce gilashi.

2. Rana. Idan rana tana bayan wanda ake ɗauka, fuskarsa za ta yi duhu. Mai hoto ya juya wa rana baya, ko ya kai mutumin inuwar bango.

3. Nisa. Da dare, hasken ƙaramar fitilar kyamara ba ya wuce kamar mita 3, wato taku huɗu. Mai hoto ya matso kusa.

4. Rawar hannu. Ita ke sa hoto ya yi biyu-biyu. Mai hoto ya manna hannuwansa a jiki, ya riƙe numfashi, sannan ya danna.

Hoton da aka wanke kuma, a adana shi nesa da rana da danshi.

Tambaya: Me ya sa ba a goge gilashin kyamara da bakin riga?