Me Ƙungiyar Agaji Za Ta Yi da Mota Mai Gudun Tsiya?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin gaskiya ne ana ba ƙungiyoyin agaji kyautar motocin lantarki masu tsada, kuma me suke yi da su?

Malam, gaskiya ne. Sai dai galibi ba a hawansu, gwanjonsu ake yi a miƙa kuɗin ga mabuƙata. A watan Maris na 2021, kamfanin General Motors na Amurka ya ba da motar GMC Hummer EV ta farko, mai ƙarfin dawaki 1,000, wadda ke kai gudun kilomita kusan 100 a sa'a cikin daƙiƙa uku. Kamfanin gwanjo na Barrett-Jackson ya sayar da ita a jihar Arizona kan dala miliyan 2.5.

Kuɗin sun tafi gidauniyar Tunnel to Towers, wadda ke gina wa sojojin da suka naƙasa gidaje, tana kuma biya wa iyalan 'yan kwana-kwana da suka rasu a bakin aiki bashin gida. Attajirai kan ninka farashin irin wannan mota saboda ita ce ta farko da aka ƙera, kuma sun san inda kuɗin za su.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.