Darasin Lafiya: Dogon Yaro Maganin Tsutsar Sauro

Jama'ar 'Yankuzo da sauran ƙauyukan Tsafe da Gusau da Bunguɗu, darasinmu na wannan wata a kan sauro ne. Kowa ya sani da damina ta sauka zazzaɓin cizon sauro yake ƙaruwa, musamman ga yara ƙanana da mata masu ciki.

Sauro a ruwa yake fara rayuwa. Macen takan yi ƙwai a ruwan da ya kwanta. Bayan kamar kwana 2 tsutsa ta fito. Tsutsar takan yi saɓa sau 4 kafin ta rikiɗa, cikin kwana 10 zuwa 14 sauro ya tashi. Tana cikin ruwa ba ta da fiffike, ba ta da wurin gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masana sun gwada man kanumfari da na ɗoɗɗoya da na ɓawon lemo, sun ga suna kashe tsutsar. Sai dai tatsar irin wannan mai sai da na'ura, kuma ƙarfinsa yana saurin gushewa a rana. Wanda ya fi mana sauƙi shi ne dogon yaro, wato bedi. Man da ke cikin ƙwallonsa yana hana tsutsa cin abinci, yana hana ta saɓa.

A shekarar 2007 an gwada wannan a ƙauyen Banizumbu, yammacin Jamhuriyar Nijar. An riƙa barbaɗa garin ƙwallon a tafkuna sau 2 a mako duk damina. Matan sauro masu kawo zazzaɓi suka ragu da kusan rabi.

Ga yadda ake yi:
1. A tsinto 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa.
2. A daka a turmin da ba na abinci ba.
3. A barbaɗa a kududdufi da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, sau 2 a mako.

Gargaɗi: kada a zuba a rijiya ko randa ko mashayar dabbobi. Kada a ba yaro man ya sha, yana da haɗari. Ƙaramin rami a cike shi, gwangwani da tsohuwar taya a kife su. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro. In jiki ya yi zafi, a garzaya asibiti a yi gwaji.

Tambayoyi:
1. Ina sauro yake yin ƙwai?
2. Sau nawa ake barbaɗa garin a mako?
3. Wane ruwa ne ba a zuba masa?