Shawarwari Bakwai Ga Iyalin Da Za A Yi Wa Ɗan Uwansu Allurar Ɗaukar Hoto

Idan likita a Babban Asibitin Jahun ya tura majinyaci Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin hoton CT ko MRI, akan sa masa wani ruwa ta jijiya don kayan ciki su fito sarai. Na CT yana ɗauke da aidin, na MRI gadoliniyam, wanda ake sha kuwa, fari mai kauri kamar kunu, bariyam ne. Yawancin mutane lafiya lau suke rabuwa da shi. Kariyar dai tana farawa ne daga bayanin da iyali suka yi wa likita.

1. A faɗi tarihin majinyaci. In an taɓa yi masa wannan allura ya yi borin jini ko numfashinsa ya sarƙe, a faɗa tun kafin a tambaya. Haka ma mai asma da mai maƙoƙo, domin aidin na iya tayar da maƙoƙon.

2. A binciki ƙoda. Ita ke fitar da ruwan ta fitsari. Mai ciwon ƙoda, ciwon suga ko hawan jini ya nemi gwajin jini na kiriyatinin. Tun 2006 aka gano cewa wasu nau'o'in gadoliniyam na iya taurara fatar wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai.

3. A tafi da magunguna cikin kwalinsu, har da na kemis da na gargajiya. Diclofenac da ibuprofen suna wahalar da ƙoda. Mai shan metformin, in ƙodarsa ba ta da ƙarfi, ana iya dakatar masa da shi na awa 48. Likita ne zai yanke, ba maƙwabci ba.

4. Kada a je da ƙishirwa, musamman a bazara ko lokacin azumi. In an hana cin abinci, a tambaya ko an yarda da ruwa. Bayan hoto a sha ruwa sosai, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa.

5. Mace ta faɗa in tana da ciki ko tana zato. Shi ya sa ma hoton mahaifa na masu neman haihuwa bayan ɗaukewar al'ada ake yinsa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, abin da ke shiga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. 

6. A san abin da ba na tsoro ba: ɗumi ya ratsa jiki, ɗanɗanon ƙarfe a baki, jin kamar fitsari ya kuɓuce. Cikin mintuna suke wucewa. Bariyam yakan sa bayan gida ya yi fari ko tauri.

7. Kada a yi saurin neman mota. A zauna kamar minti 30 a asibiti. Kumburin fuska ko maƙogwaro, sarƙewar numfashi, jiri, ko kumburi mai zafi a wurin allura, a kira ma'aikaci nan take. In ƙuraje suka feso cikin mako ko fitsari ya ragu, a koma asibiti.

Jama'a, kada tsoron allura ya hana mu hoton da zai gano cuta da wuri. Mu faɗa wa likita gaskiya, mu kuma rubuta sunan ruwan a katin asibiti saboda gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.