Wa Ya Koya Wa Kabare Saƙa?

Tambaya: A tsakar gidanmu da ke Fadamar Mada, cikin Bauchi, akwai darbejiya da tsuntsaye ke cikawa da sheƙa duk damina. Iyayensu ne ke koya musu, ko da iyawarsu suke fitowa daga ƙwai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, in masu ruwan ɗorawa ne da baƙin kai, waɗanda ke hana ku barcin safe da surutu, to kabare ne. Da iyawarsa yake fitowa, amma gwaninta sai da gwaji. A shekarun 1960, Nicholas Collias da matarsa Elsie sun reni irin tsuntsun nan a Amurka. Sun ga 'yan samari na saƙa ba wanda ya nuna musu, sai dai saƙar farko sako-sako take fita.

Namiji ne masaƙin. Zai tsago ɗanyar ciyawa siri-siri, ya ɗaure ta a can ƙarshen reshe inda maciji zai sha wuyar kaiwa. Da zobe yake farawa, ya tsaya a cikinsa yana cusa sili da baki yana jawowa, har ya haɗa kusan sili 300, ƙofa na kallon ƙasa. Daga nan ya rataye kai ƙasa yana kaɗa fiffike. Macen ce alƙali. In ta shiga ta gamsu, ta shimfiɗa tattausar ciyawa da gashin tsuntsu, ta yi ƙwai biyu ko uku. In ba wadda ta kula har ciyawar ta bushe, shi da kansa zai wargaje, ya sake sabuwa. Yawancin abin da kike sharewa kenan.

Ba kabare kaɗai ke da dabarar tanadar wa 'ya'ya gida ba. Ni dai dabarar cilakowa ta fi ba ni mamaki. Macen kan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga, mijin na miƙo abinci ta nan har 'ya'ya su fara tasawa.

Zanzaro kuwa, ɗakin lakar da ya liƙa a bangonki ba don kwanansa ba ne. Gizo-gizo ko tsutsa yake harba ya sumar, ya cusa, ya yi ƙwai ya toshe, ɗan ya fito ya tarar da abinci. Gadun Yankari ma bai cika wahalar da kansa da haƙa ba, tsohon ramin dabgi macen ke samu ta haihu a ciki.