Abin Da Ke Ƙarƙashin Tafkin Kainji

A watan Oktoba ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kai ziyarar yini ɗaya bakin Tafkin Kainji da madatsar ruwan Kainji, tare da malamanmu biyu. Mota ɗaya ce kawai aka samu, shi ya sa da yawa daga cikinku ba su je ba. Shugaban ƙungiya ya umarce ni in rubuta abin da muka koyo domin kowa ya amfana. Ina roƙon a karanta har ƙarshe, domin akwai maganar da ta shafi rayukanmu.

Kafin wannan tafiya ina tsammanin na san ruwan nan. A gefensa aka haife ni, kifinsa nake ci, kuma na iya iyo tun ina aji uku na firamare. Ashe bayansa kawai na sani, ban san cikinsa ba.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Mun tashi daga Yelwa bayan sallar asuba. A cikin mota Malamin Nazarin Zamantakewa ya tambaye mu: "Wa zai gaya mini inda Kogin Kwara ya faro?" Wani ya ce Jamhuriyar Nijar, wata ta ce Sakkwato. Malam ya yi dariya ya buɗe taswira a kan cinyarsa.

Kogin Kwara, wanda littattafanmu suke kira Kogin Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Abin mamaki, inda ya faro bai fi kilomita 240 zuwa teku ba, amma bai nufi tekun ba. Sai ya juya arewa maso gabas, ya bi ta Bamako, ya wuce kusa da Tumbuktu, ya lanƙwaso ta Gawo da Yamai, sannan ya shigo Najeriya ta Jiharmu ta Kebbi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, shi ne na uku a Afirka bayan Kogin Nilu da Kogin Kwango. Ke nan ruwan da muke wanki da shi a Yauri, wani daga cikinsa ruwan sama ne da ya sauka a kan duwatsun Gini watanni da suka wuce.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Zango na farko da muka yi shi ne Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski. A can wani dattijo masunci yake jiranmu, shi ne jagoranmu a bakin tafki. Da muka gaishe shi sai ya ɗebo ruwa a tafin hannunsa ya nuna mana.

"Jikokina, wane launi kuka gani?"

Muka ce, "Baba, fari-fari ne, kamar an dama koko."

Ya ce, "To wannan shi ne farin ruwa. Ku dawo cikin sanyi, za ku ga wani ruwan dabam."

Malam ya ƙara mana bayani. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cika ta farko ita ce ta damina, wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da ya sauka a yankinmu ne ke kwaso laka da yumɓu ta ƙananan koguna da Gulbin Sakkwato, shi ya sa yake fari. Cika ta biyu tana zuwa wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a nan. Wannan shi ne ruwan Gini. Yana daɗewa a hanya saboda yakan bazu a cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya yi ta tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta a can. Kafin ya iso mana ya tace sarai, sai ya yi duhu a ido. Shi ake kira baƙin ruwa. Na sha jin wannan suna a bakin kakata, amma sai ranar na san dalilinsa.

Tafkin da kakanninmu suka girma

Ga abin da ya fi ba mu mamaki: Tafkin Kainji ba tun fil azal yake nan ba. Mutane ne suka tare kogi ya zama tafki. An fara gina madatsar a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma kamfanonin ƙasar Italiya ne suka yi aikin. A 1968 aka rufe ƙofofinta ruwa ya fara taruwa, sannan a 1969 Shugaban Ƙasa Yakubu Gawon ya buɗe ta. Tafkin da ya samu tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, tun daga madatsar har zuwa wajen Yelwa, faɗinsa kuma ya fi murabba'in kilomita 1,200.

To kafin ruwa ya zo, mene ne a wurin? Garuruwa ne, da gonaki, da maƙabartu, da daji. An tayar da kimanin mutum 44,000 daga ƙauyuka fiye da 200, aka gina musu sababbin matsugunai. Tsohon garin Busa ya nutse baki ɗaya, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa. Gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi da muke gani a wasu ƙauyukanmu, na wancan lokacin ne.

Kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda aka tayar. Ita daga Gungawa take, mutanen da suke kiran kansu Reshe. Gungu shi ne tsibiri, don haka Gungawa na nufin mazauna tsibirai. Sun shahara da noman albasa na rani da su da tuƙin jirgi, kuma har yau muna ganin gwanintarsu a bikin Rigata. Da na dawo na tambaye ta, sai ta ce tana 'yar yarinya aka kwashe su, kuma abin da ba ta mantawa shi ne wata tsamiya da ke ƙofar gidansu. Ta ce, "Tana nan a tsaye cikin ruwa, ba wanda ya sare ta." Ku riƙe maganar tsamiyar nan, zan dawo kanta.

Akwai kuma tarihin da ruwa ya rufe. Bature matafiyi Mungo Park ya biyo kogin nan a jirgi, ya wuce ta Yauri, ya halaka a 1806 a kusa da Busa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu. A 1830 wasu 'yan uwa biyu Turawa masu suna Lander suka zo har Yauri suna bin sawunsa. Waɗannan duwatsu yanzu suna can ƙasan tafki.

A cikin jirgi

Daga nan aka ce za mu shiga jirgi mai inji mu ɗan zaga. Malama ta raba mana rigunan kariya masu ruwan lemo. A nan ne na yi abin kunya. Na ce mata, "Malama, ni na iya ruwa, a ba wa wani." Na faɗa da ƙarfi don abokaina su ji.

Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, sa rigar tukuna, akwai abin da zan nuna maka." Na sa ina ɓata rai.

Da muka yi ɗan nisa sai ya ce wa direba ya kashe inji. Ya ɗauki doguwar gora ya zura cikin ruwa. Ba ta nutse ko kamu biyu ba muka ji ƙwas! Ya matsa gefe kaɗan ya sake zurawa, sai ta shige duka ba ta taɓa komai ba.

Ya ce, "Kun ji? Kan itace ne. Dajin da ruwa ya ci yana nan a tsaye. In ruwa ya janye da bazara, za ku ga kututture birjik, kowa ya kauce. In ya cika sosai, jirgi ya wuce ta kansu lafiya. Mugun lokaci shi ne in ya rufe su da kaɗan. Ido ba ya gani, amma cikin jirgi yana ji."

Sannan ya dube ni ya nuna gaɓar da muka baro, wadda ta koma kamar zare. "In jirgin nan ya fashe yanzu, za ka kai can? Da kaya a jikinka, ga igiyar ruwa, ga mutum uku da ba su iya ba sun riƙe ka?" Ban iya ba shi amsa ba. Na ƙara ɗaure igiyar rigata. Tsamiyar kakata ce ta faɗo mini a rai: itacen da suka sha inuwarsa, yau shi ne tarko.

Duk mun tuna watan Mayu na 2021, lokacin da wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara. Kaɗan ne aka ceto da rai. Hukumomi sun ce lodi ya yi wa jirgin yawa. A cikin jirginmu kowa ya yi shiru, Malam ya ja mu muka yi musu addu'a. Allah ya jiƙansu da rahama.

A hanyar komowa Baba ya nuna mana abin da masunta suka kamo: giwan ruwa, karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, da tulin warangi da aka shanya. Ya ce kifi ba ya girma kamar dā, domin wasu na sa taru mai ƙananan idanu, su kwashe har da 'ya'yan. Malam ya ce a Sabuwar Busa akwai cibiyar gwamnatin tarayya mai binciken kifin ruwan daɗi, kuma wannan yana cikin abin da take nazari.

Inda ruwa ke zama wuta

Bayan azahar muka shiga Jihar Neja, muka isa madatsar. Tun kafin mu sauka daga mota muka ji ruri kamar na hadari. Saboda lokacin farin ruwa ne tafki ya cika, an buɗe ƙofofin rage ruwa. Ruwa yana faɗowa daga sama, fari fat kamar auduga, yana tashin feshi har yana jiƙa mana fuska daga nesa. In za ka yi magana da na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Malam ya ce Jihar Neja tana da magangarar ruwa ta Gurara wadda Allah ya halitta a kan duwatsu, wannan kuwa hannun mutum ne ya yi ta. Tsayin ginin ya kai kimanin mita 65.

Wani ma'aikaci ya yi mana bayanin yadda ake samun lantarki, kuma ga shi a taƙaice:

1. Madatsa tana tare ruwa ya taru ya yi tsayi.
2. Ana sakin sa ta manyan bututu, ya gangaro da nauyi da gudu.
3. Ya bugi farfelar inji, ta riƙa juyawa.
4. Farfelar ta juya janareta, janareta ta haifar da lantarki.
5. Ruwan ya fita ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Jebba, inda wata madatsar za ta sake amfani da shi.

Ba a ƙona fetur ko gas, kuma ruwan ba ya raguwa. Injina takwas aka kafa, waɗanda aka tsara su ba da megawat 760 in duk suna aiki.

Wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Yallaɓai, in a nan ake yin wuta, me ya sa muke karatu da tocila?" Kowa ya yi dariya, har shi. Ya ce wutar ba kai tsaye take zuwa gidajenmu ba. Tana hawa manyan wayoyi ta shiga rumbun wutar ƙasa baki ɗaya, daga can a rarraba. Na fahimci bayanin, amma tambayar ba ta bar raina ba. Ƙauyen da aka mayar da su kakata, waɗanda suka bar gonakinsu domin a yi wutar nan, sau da yawa cikin duhu yake kwana.

Abin da ya kamata mu riƙe

Da yawanmu muna hawa jirgi zuwa kasuwa ko biki ko gaishe da dangi. Ga abin da muka yi alkawari a gaban Baba:

1. Ba za mu shiga jirgi ba sai da rigar kariya in akwai, kuma za mu tambaya in ba mu gani ba.
2. In lodi ya sa bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, za mu jira na gaba.
3. Ba tafiyar dare, ba tafiya in hadari ya haɗo.
4. A cikin jirgi a zauna, ba tsayuwa, ba taruwa a gefe ɗaya.

Na san yaro ba ya iya hana babba. Amma yaro yana iya cewa, "Inna, mu jira na gaba." Ni na faɗa wa mahaifiyata haka a makon jiya. Ta harare ni, amma mun jira.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta farin ruwa da baƙin ruwa?
2. A wace shekara ruwa ya fara taruwa a Tafkin Kainji?
3. Wane lokaci ne kututture suka fi haɗari ga jirgi, kuma don me?
4. Tambayi wani tsoho a gidanku inda yake zaune kafin 1968, ka rubuto mana abin da ya ce.

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Allah ya kiyaye mu a ruwa da tudu, amin.

Daga ɗan uwanku,
ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare,
Ƙungiyar 'Yan Jarida.