Yadda Matashin Boɗinga Ko Shagari Zai Tafi Koyar da Turanci a Ƙetare

In aka ce wane ya tafi ƙasar waje koyar da Turanci, jirgin sama ne ke fara faɗo wa mutane a rai, da Dubai ko China. Amma ga ɗan Boɗinga ko Shagari, ƙasar waje mafi kusa ba ta buƙatar jirgi. Ka hau mota da sassafe zuwa Sakkwato, ka sake wata zuwa Illela, kafin la'asar kana Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, inda kuɗi ya koma sefa, allon makaranta ya koma Faransanci, amma mai shayin bakin tasha da Hausa zai tambaye ka gajiya. Can ne ya kamata mai wannan buri ya fara dubawa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Nijar ta fitar da sabon kundin tafiyar da mulki, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Turanci da Faransanci kuma harsunan aiki. Tun kafin haka ma ana koyar da Turanci a makarantun sakandarensu, kuma 'yan kasuwar Maraɗi da Ƙonni sun daɗe suna son 'ya'yansu su iya shi saboda hulɗa da Najeriya da sauran duniya.

Tafiyar ba sabuwa ba ce ga mutanen wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Sifawa kusa da Boɗinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Maratta aka haife shi, kuma Maratta tana cikin Nijar ta yau. Malami ya ɗauki littattafansa ya nufi arewa ba abin mamaki ba ne a nan. Abin da ya canja shi ne yanzu akwai shinge a hanya, kuma mai tsaron shingen takarda yake tambaya.

Abu na farko, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne ka iya Turancin. Riƙe takardar shaida daban, iya harshe daban. Mai shaidar NCE da ba zai iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba tare da kuskure a kowane layi ba, gara ya ƙara shekara guda a gida yana gyara kansa. Ka ware lokaci kullum kana karatu da murya, kana sauraren labarai da Turanci a rediyo, kana naɗar muryarka a waya kana saurare. Za ka ji abin da ba ka taɓa lura da shi ba, musamman yadda mu Hausawa muke cakuɗa sautin p da f. A gida ba wanda zai kula, amma ɗalibin da ya tashi da Faransanci yana bambanta su sarai, kuma zai kama ka tun ranar farko.

Sai takardar karatu. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma kwalejin ilimi ta Sakkwato mai sunan Shehu Shagari ta yaye malaman wannan yanki masu yawa. Sunan ya dace da ita, don kafin ya shiga majalisar wakilai a 1954, balle ya zama shugaban ƙasa a 1979, Shehu Shagari malamin makaranta ne: ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe hedimasta a Argungu. NCE za ta iya kai ka makaranta mai zaman kanta a Ƙonni ko Tawa, amma digiri ne ke buɗe ƙofofin da suka fi haka, ko daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato. Wanda ya karanta Turanci zalla ba tare da fannin koyarwa ba, sai ya ƙara da difloma ta PGDE, wadda ake iya yi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ba tare da an bar aiki ba. Daga nan ka rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, ka karɓi shaidarta. In kai mai digiri ne kuma hidimar ƙasa ta hau kanka, ka gama ta kafin ka tafi. Mutane kan ce za su dawo su yi, sai shekaru su ja, ranar da suka nemi aikin gwamnati a gida a tambaye su takardar.

Kada ka tafi ba ka taɓa riƙe alli ba. Ka koyar shekara ɗaya ko biyu a nan, ko a firamaren garinku ne, ko darasin yamma ga masu shirin WAEC da NECO. A nan za ka koyi yadda ake riƙe aji mai yara tamanin ba tare da bulala ba, da yadda ake rubuta shirin darasi. Ranar barin aiki ka roƙi shugaban makarantar ya rubuta maka takardar shaidar aiki mai hatimi, da ranar da ka fara da ranar da ka gama.

Takardun tafiya su ne na gaba. Ka fara da lambar NIN, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kanta da takardar haihuwa da shaidun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata: wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fasfo wata da watanni. Ka biya kuɗin fasfo da kanka ta shafin hukumar shige da fice, ka je ofishinta na Sakkwato a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64 na shekara goma. A da mutane kan ƙetara da katin shaida ko takardar tafiya ta ECOWAS, wasu ma da sanayya kawai. Amma an rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, sannan ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, kuma hukumominta sun tsaurara dokar shiga da zaman baƙi. Mai zuwa cin kasuwa ya dawo da yamma lissafinsa daban. Kai da za ka zauna shekara kana karɓar albashi, cikakken fasfo za ka riƙa, tare da katin rigakafin shawara. In makarantar babba ce, za ta so a tantance shaidar karatunka a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatiminta, wani lokaci har a fassara ta zuwa Faransanci.

Faransancin nan kuwa ka koyi gwargwadon da za ka karanta takardar yarjejeniya, ka cike rajistar aji, ka fahimci abin da ake faɗi a taron malamai. Wata uku na himma sun isa ka fara. Hausa za ta yi maka komai a kasuwa da masallaci da gidan haya, amma ofis da Faransanci yake tafiya har yanzu. A Yamai kuma za ka ji Zabarmanci ko'ina, ka koyi ko gaisuwa ce.

Neman aikin kansa ba a intanet ya fi yiwuwa ba. Da baki ake samunsa. Akwai ɗan'uwa mai kai kaya Ƙonni, akwai direban da ke bin hanyar kullum, akwai ɗaliban Nijar da ke karatu a Sakkwato, waɗanda suka san wace makaranta ce ta rasa malamin Turanci. Shekarar karatu a can tana farawa ne a watan Oktoba, saboda haka Agusta da Satumba ne lokacin zuwa da takardu a hannu, a ga mai makaranta ido da ido. Makarantun gwamnati 'yan ƙasa suke ɗauka. Rabonka yana makarantu masu zaman kansu, da cibiyoyin koyon harshe na yamma, da gidajen masu hali da ke neman mai koya wa yara a gida. Mai digiri na biyu zai iya gwada manyan makarantu, kamar Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a Maraɗi a 2013, wadda ke koyarwa da Turanci da Faransanci.

In an ce an ɗauke ka, a nan ne kunya ke cutar da Bahaushe. Sai ka ji mutum ya ce ai Alhaji mutumin kirki ne, ba sai an rubuta ba. A rubuta. Nawa ne albashi, kuma a wace rana ake biya? Da wata ake biya ko da awa? Wannan tambaya ita ce babba, domin makarantu da yawa awannin da ka shiga aji kawai suke lissafawa, in aka tafi dogon hutu daga Yuli zuwa Satumba ba ka da ko dala. Wa zai biya kuɗin ɗaki? Wa zai nema maka takardar izinin zama? Ka karɓi kwafinka mai sa hannu, ka ɗauki hotonsa ka tura wa wani a gida. Fasfonka kuwa kada ya kwana a hannun kowa, komai dalilin da aka kawo maka.

Kafin ranar tafiya ka zauna da iyayenka su sa maka albarka, ka bar musu sunan makarantar da lambar mai ita da ta mai masaukinka. Ka yi tafiya da rana, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, don su ne suka fi kowa sani. A Illela ka tsaya a buga maka hatimin fita, a Ƙonni a buga na shiga, ko da ɗan acaɓa ya ce zai zagaya da kai ta bayan gari cikin minti biyar. Wanda ba shi da hatimin shiga, duk shingen jandarma da ya tarar sai ya yi bayani. Da ka sauka, mai makaranta ya raka ka wurin 'yan sanda a san da zamanka, kuma in ka sami sarari ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ke Yamai.

Ajin da za ka shiga ba irin namu ba ne. Ƙidayar azuzuwan sakandare daga sama take gangarowa: ana farawa daga na shida, a sauko na uku inda ake rubuta jarrabawar BEPC, sannan shekara uku na lise da ke ƙarewa da Bakaloriya. Maki bisa 20 ake bayarwa, 10 ce tsira, kuma malaman can ba su da sakin hannu. In ka zo da al'adarmu ta raba 80 da 90 cikin ɗari, ka ba yaro 18, sauran malamai za su ɗauka ba ka san aiki ba. Ka nemi manhajar ma'aikatar iliminsu da tsoffin takardun jarrabawa tun makon farko, ka koyar da abin da za a tambaye su, ba abin da ka saba koyarwa don WAEC ba.

Ɗalibanka sun san nahawu fiye da yadda kake zato, don da shi aka horar da su a Faransanci. Abin da suka rasa shi ne magana. Suna karanta kalmar Turanci da lafazin Faransanci, suna haɗiye h a farkon kalma, suna jin nauyin buɗe baki. To a nan ne ɗan Boɗinga ya fi Baturen da aka ɗauko daga Landan. Kai ka san harshen da yaron yake tunani da shi. In ya kasa gane bambancin aikin da ya wuce da wanda ake cikin yi, jimla biyu na Hausa sun warware masa, ku koma Turanci. Amma a yi hattara: in ka sake, ajin gaba ɗaya zai koma hira da Hausa, iyaye kuma ba don ita suka biya kuɗi ba. Ka sa ƙa'ida tun farko, Hausa ta shigo ta buɗe ƙofa ta fita. Ka sa su yin ciniki da Turanci su biyu-biyu, su kwatanta hanyar zuwa gidajensu, su ba da labarin abin da suka yi ranar Juma'a. Wani abu kuma, Hausarsu ta fi kusa da ta Sakkwato fiye da ta Kano, don haka kai ba za ka sha wahalar da Bakano zai sha ba.

Batun kuɗi, sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta hawa da sauka irin na naira tun 2023. Ribar kenan, amma da sefar za ka biya haya da abinci, saboda haka kada ka juya albashinka zuwa naira a ka ka ɗauka ka yi arziki. Ka saba da lissafinsu na dala da jaka: dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya sefa dubu. Ka ware na hutun damina tun daga albashin farko.

Bayan shekara biyu, da takardar shaidar aiki a ƙasar waje da Faransanci a bakinka, za ka iya duba nesa. Akwai shirin TAC da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, wanda ke tura ƙwararru, har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, irin su Gambiya da Uganda. Masu digiri da gogewar aiki yake ɗauka, kuma ba a sayen gurbinsa. Masu son ƙasashen Larabawa ko Asiya kuma, yawanci ana neman shaidar koyar da Turanci ta TEFL mai awa 120, ko CELTA ta Cambridge wadda ta fi tsada ta kuma fi daraja. Sai dai ka san wani abu kafin ka kashe kuɗinka: wasu ƙasashe fasfo suke dubawa kafin ƙwarewa. Bizar malaman Turanci ta Koriya ta Kudu, alal misali, an gina ta ne kan 'yan ƙasashe bakwai, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ireland da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, babu Najeriya a ciki. Duk dillalin da ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗi zai kai ka can da bizar yawon buɗe ido, in an isa a juya ta ta koma ta aiki, ka nemi sunan makarantar, ka rubuta mata da kanka ka ji ko ta san da zuwanka. In ya hana ka sunan, ko ya matsa sai ka biya kafin ka ga takardar ɗaukar aiki, ka kai maganarsa ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.