Ƙasar Benin, maƙwabciyarmu ta bakin teku

Yara, ku dubi taswira. Kudu da Gaya, ƙetaren kogin Kwara, akwai ƙasar Benin. Da can sunanta Dahome. Ta samu mulkin kai a 1960, aka sake mata suna a 1975.

Benin doguwa ce, siririya. Daga teku zuwa iyakarmu wajen kilomita 700 ne. Togo na yamma da ita, Najeriya na gabas. A kudu damina biyu ake yi a shekara, a arewa ɗaya kamar tamu. Babban birninta Porto-Novo, amma Kwatano ya fi shi jama'a da kasuwa.

Noma ne babbar sana'ar mutanenta: masara, doya, rogo, kwakwar manja da auduga. Auduga ce kan gaba cikin abin da take sayarwa waje. In kuɗinta ya faɗi a kasuwar duniya, manomi ne ke fara shan wuya.

Tashar jiragen ruwa ta Kwatano tana kawo wa ƙasar kuɗi da yawa. An shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Paraku, kilomita 438. Daga nan hanyar mota ta miƙe zuwa Malanbil da gadar Gaya.

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa ta wannan hanya shinkafa, siminti da magani suke iso mana. Da aka rufe iyaka a 2023, kaya suka yi tsada nan, direbobi da ƴan dako suka rasa aiki can.

Tambayoyi
1. Wane kogi ne ya raba Gaya da Malanbil?
2. Don me tashar Kwatano take da amfani ga ƙasashen biyu?